KIBIYA SHIDA A JIKIN ALI: MASU ZANE DA WALIYYAN KIRISTA, DAGA RUM ZUWA ZARIYA

Yau zan ajiye labarin soyayya gefe guda in ɗauko wani tarihi da ya daɗe yana yi mini yawo a ka. Mai karatu ya yi haƙuri, tafiyar da ɗan nisa, amma gida za ta dawo da mu.

Lokacin da muke yara a Dogon Daji akwai wani kawuna tela, Allah Ya jiƙansa, da ke da shago a bakin titin nan da ya taso daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega. Ya yi zaman Ikko a ƙuruciyarsa, kuma cikin tarkacen da ya dawo da su har da wani bangon mujalla da ya liƙa a saman kekensa na ɗinki. Hoton Muhammad Ali ne, tsaye da farin gajeren wando na dambe, hannuwa a baya, ya karkatar da kai, ga kibiya shida a soke a jikinsa jini na zuba. Ran nan na kasa haƙuri na ce, "Kawu, mi Ali ya yi anka halbe shi?" Bai ko ɗaga kai daga ɗinkinsa ba ya ce, "Ba halbinai anka yi ba, yaro. Zuwa yaƙi yaƙ ƙiya." Iyakar amsar ke nan, ni kuwa ban ga abin da ya haɗa ƙin zuwa yaƙi da kibiya ba.

Sai da na girma na fara rubuce-rubuce sannan na gano ashe wannan tsayuwa ta Ali aro ce. Mai ita na asali wani sojan Rum ne da ya mutu fiye da shekara 1,700 da suka wuce, wanda Kiristoci ke ɗauka waliyyi kuma shahidi a addininsu.

WANE NE SABASTIYAN?

Yadda littattafan coci suka kawo labarin, Sabastiyan hafsa ne a cikin dogaran Sarkin Rum Diyokilishiyan, sarkin da ya yi suna wajen gallaza wa Kiristoci. Ya ɓoye addininsa yana taimakon 'yan'uwansa da ke kurkuku, har asirinsa ya tonu. Sarki ya sa aka ɗaure shi a jikin itace, maharba suka yi ta zuba masa kibiya har suka tabbata ya mutu, suka tafi. Wata mata mai suna Airin ta zo ɗaukar gawa ta tarar da sauran numfashi, ta kai shi gida ta yi jinyarsa. Da ya warke, maimakon ya gudu, sai ya je ya tare sarki a hanya ya faɗa masa zaluncinsa a gaban jama'a. A wannan karon da kulake aka kashe shi, aka jefa gawar a babbar kwatar birnin Rum. Ana sa wannan a wajajen shekarar 288 miladiyya, kuma cocin Katolika na tunawa da shi duk ranar 20 ga Janairu.

Ka ga ke nan ba kibiya ce ajalinsa ba. Amma masu zane kibiyar suka riƙe. Dalili kuwa shi ne mutanen Turai na da suna kwatanta annoba da ruwan kibiyoyi da ke saukowa daga sama, ba ta zaɓen wanda za ta soka. Bayan babbar annobar da ta share Turai tsakanin 1347 da 1351, sai garuruwa suka yi ta sa a zana musu mutumin da ya sha kibiya ya tashi, suna kamun ƙafa da shi. Wani gwanin Italiya, Andrea Mantegna, har sau uku ya zana shi.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne matsayin maharban a cikin waɗannan zane-zane. A ɗaya daga cikin na Mantegna an matse su a kusurwar ƙasa, kawunansu da kafaɗunsu kawai ake gani. A wani kuma sun juya baya sun yi nisa a kan hanya, sai ka ƙura ido za ka hango su. Da tafiya ta yi tafiya, masu zane da yawa suka daina sa su gaba ɗaya. Aka bar kyakkyawan saurayi shi kaɗai da kibiyoyinsa, kamar daga iska suka faɗo masa.

MAI ZANEN DA YA NAƊA KANSA WALIYYI

Da zamani ya juya, masu zane a Turai suka rage yi wa coci aiki, amma ba su saki Sabastiyan ba. Sai dai dalilin ya canza. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na wani ɗan ƙasar Ostiriya, Egon Schiele, wanda aka haifa a 1890. Yaro ne mai baiwa, amma yawancin zanensa na tsiraici ne, kuma ɗakin aikinsa ya zama matattarar yaran unguwa. A watan Afrilun 1912 'yan sanda suka kama shi a garin Neulengbach, suka kwashe zanensa fiye da 100. Babbar tuhumar da aka yi masa, ta lalata ƙaramar yarinya, ba ta tabbata ba, amma an same shi da laifin ajiye zanen batsa inda yara ke gani. Ya yi kwana 24 a tsare, kuma alƙali ya ƙona ɗaya daga cikin zanen da wutar kyandir a cikin kotu.

Wannan abu bai bar zuciyarsa ba. Da zai baje kolin ayyukansa a birnin Biyana a ƙarshen 1914 zuwa farkon 1915, sai ya zana fostar tallan da kansa: ga shi sanye da rigar masu zuhudu, kibiyoyi na shigarsa ta ko'ina. Wato shi ne Sabastiyan. Babu maharbi ko ɗaya a fostar, kuma babu alamar cewa shi ma yana da abin da za a tambaye shi. Saƙon dai shi ne: ni mai fasaha ne, jahilai sun cuce ni. Bai daɗe ba bayan haka. Murar nan ta 1918, wadda ta iso har ƙasar Hausa kakanninmu suka kira ta marisuwa, ta kashe matarsa Edith da juna biyu, shi ma ya bi ta bayan kwana uku, ranar 31 ga Oktoba, yana da shekara 28. Waliyyin da Turawa ke roƙo kan annoba, wanda ya ari rigarsa annoba ce ta ɗauke shi.

Shekara 50 bayan haka aka zo kan hoton shagon kawu. Ranar 28 ga Afrilun 1967 Ali ya ƙi amsa kiran shiga soja don yaƙin Biyetnam. Aka ƙwace kambinsa, aka hana shi dambe, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara biyar da tarar dala 10,000, sai a 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin. Yana cikin wannan hali ne mai tsara bangon mujallar Esquire, George Lois, ya kawo shawarar a ɗauke shi hoto a siffar Sabastiyan, Carl Fischer ya ɗauka, ya fito a watan Afrilun 1968. Lois ya ba da labari cewa da Ali ya duba katin tsohon zanen da za a kwaikwaya ya gane waliyyin Kirista ne, sai ya ja da baya, har sai da aka buga wa shugabanninsa na ƙungiyar Nation of Islam waya suka amince. Ya kuma ce da aka gama liƙa kibiyoyin, Ali ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana raɗa musu sunayen manyan da suka ɗaure wa yaƙin gindi, irin su Shugaba Lyndon Johnson da Janar Westmoreland. Maharban ba su fito a hoton ba, amma Ali bai yarda a manta da su ba.

YARAN ZARIYA

To mu dawo gida. Mu a ƙasar Hausa muna da shahidanmu, amma da baki da alƙalami muke tuna su. A yaƙin Tsuntsuwa na ƙarshen 1804 an ruwaito mutanen Shehu kusan 2,000 suka kwanta dama, 200 daga ciki mahaddata Alƙur'ani. Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi ranar 27 ga Yulin 1903. Ita kanta Tambuwal ribaɗi ce ta Muhammadu Buhari ɗan Shehu. Duk wannan a waƙoƙi da littattafai da bakin tsofaffi muka same shi, babu wanda ya zana mana fuskar kowa, kuma malamanmu suna da hujjarsu a kan haka. Shi ya sa mutum zai ɗauka tarihin da nake bayarwa bai taɓa ratsa ƙasarmu ba. Ya ratsa, ta Zariya.

A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman yawanci Turawa ne, kuma yadda ake koyarwa a Ingila haka suke koyarwa. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke, da Bruce Onobrakpeya. Aƙidarsu ita ce a karɓi kayan aiki da dabarun Bature, amma abin da za a zana da yadda za a zana shi ya fito daga gida. Zaman Zariya ya shiga aikinsu. Uche Okeke, Kirista ɗan Ibo, yana da zanen da ya yi a 1961 na masu zuwa sallar Juma'a.

Wanda ya shafe mu a nan shi ne Bruce Onobrakpeya, ɗan ƙabilar Urhobo, haifaffen Agbarha-Otor ta Jihar Delta ta yanzu, a 1932. Ya shigo Zariya a 1957. Masu karatun littattafan Hausa suna da wata alaƙa da shi da ba kowa ya sani ba: shi ya yi zane-zanen cikin littafin Cyprian Ekwensi na 1962, An African Night's Entertainment, wanda masana suka daɗe da nuna cewa labarinsa da na Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East kusan ɗaya ne. Arewa ba ta fita daga ransa ba, domin a shekarun 1980 ya yi jerin ayyuka a kan mutanen Sahel da kwararowar hamada.

Bayan Zariya ya zauna Legas yana koyarwa a Kwalejin St. Gregory. A nan ya haɗu da wani Fada Bature, Kevin Carroll, mutumin da ya daɗe yana fafutukar a shigar da fasahar gida cikin coci. Tun 1947 Carroll ya jagoranci wata masana'antar sassaƙa da saƙa a Oye-Ekiti, inda magina da masassaƙan Yarabawa ke yin kayan coci da salonsu. Abin bai yi wa mutane da yawa daɗi ba, har cikin Kiristocin gida waɗanda suka saba ganin waliyyansu farare masu dogon gashi, aka rufe wurin a 1954. Sai da babban taron Batikan na 1962 zuwa 1965 ya buɗe ƙofa ga al'adun gida sannan Carroll ya sake samun sarari. Wani abin lura shi ne cikin waɗanda suka yi wa coci-coci aiki a wancan zamani har da Musulmi: Lamidi Fakeye ya sassaƙa ƙofofi, Yusuf Grillo kuma ya yi tagogin gilashi masu launi a Legas.

KAYAN SARKI A JIKIN MAKASA

Wajen 1967 Carroll ya ba Onobrakpeya aikin ƙawata cocin Waliyyi Bulus da ke Ebute Metta da zane 14, waɗanda Katolika ke bi ɗaya bayan ɗaya suna tuna tafiyar da suka yi imani an yi da Yesu zuwa wurin gicciyewa. A 1969 ya sake fitar da su ta hanyar ɗab'i, wato a sassaƙa hoton a kan faranti a shafa tawada a buga kwafi da yawa. Mu Musulmi aƙidarmu a kan Annabi Isa (AS) sananniya ce: ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, kuma ba ma zana annabawa. Ba wannan muhawara na zo yi ba. Abin da na zo nunawa shi ne abin da mai zanen ya yi da sauran mutanen da ke cikin labarin.

Ya ɗauke labarin daga Ƙudus ya dire shi a Nijeriya. Fuskokin baƙaƙe ne, matan da ke kuka suna sanye da zane da ɗaurin kai irin na gida. Sojojin Rum kuwa, masu duka da ja da buga ƙusa, ya tuɓe musu sulke da kwalkwali ya sa musu kayan sarki irin na zamanin mulkin Ingila. Mai ibada da ya shiga cocin nan a 1969 bai taɓa ganin sojan Rum ba, amma wannan kaki ya san shi. Shekara tara kacal da sauke tutar Ingila, kuma a daidai lokacin ƙasar na hannun masu kaki, ana tsakiyar yaƙin basasa da aka fara a Yulin 1967 aka gama a Janairun 1970.

Mu ma mun san kakin. Shi ya zo Sakkwato a watan Maris na 1903, shi ya bi Attahiru har Burmi, shi ya baje Satiru a 1906. Kuma idan za mu faɗi gaskiya, waɗanda ke cikin kakin ba duka Turawa ba ne. Hafsoshin ne Turawa. Tun 1863 John Glover ya tara Hausawa a Legas ya kafa rundunar da ake ja wa salsalar sojan Nijeriya da 'yan sandanta, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka harba bindiga a Burmi da Hausa suke magana.

A nan ne labarin mai cocin, wato Bulus, ya shigo. Onobrakpeya ya zana tarihin rayuwarsa, aikin da ya sa fadar Fafaroma ta ba shi lambar yabo, kuma akwai ayyukansa a gidan tarihin Batikan. Bulus shahidi ne a wurin Kiristoci. Riwayarsu ta ce an fille masa kai a Rum zamanin Sarki Nero, tsakanin shekarar 64 da 67. Amma littafinsu bai ɓoye farkonsa ba. Ranar da aka jefe Istifanus, wanda suke ƙirgawa shahidinsu na farko, Bulus yana wurin, sunansa Shawulu a lokacin, kuma a gabansa majefan suka ajiye rigunansu. Bai ɗaga dutse ba, gadin riguna ya yi, kuma ya yarda da abin da aka aikata. Wanda ya ɗauki rayuwar irin wannan mutum ya zana, ya ɗauki labarin da makashi da wanda aka kashe suka haɗu a jiki ɗaya.

Duniya ta daɗe kafin ta waiwayi waɗannan ayyuka. A 2023, mai zanen yana da shekara 90, gidan tarihin High da ke Atlanta ya baje kolinsu, a 2024 kuma aka kai su Smithsonian a birnin Washington.

INA RUWAN MARUBUCI?

Mai karatu zai ce to ina ruwan marubucin littattafan soyayya da wannan duka? Ruwa har wuya. Mu ma sana'armu zana waɗanda aka cuta ce. Ɗauko littafi goma a kasuwa, bakwai za ka tarar da marainiya ko amarya ko 'yar talakawa da aka ɗaure a itace ana zuba mata kibiya tun daga littafi na ɗaya har na uku. Ni kaina na rubuta irinsu, kuma sun sayu. Da na koma na duba nawa, sai na ga maharbina kullum kishiyar uwa ce ko boka ko wata muguwar ƙawa, mutanen da ba su da mai tsaya musu, kuma babu mai karatun da zai ga kansa a cikinsu. Uban da ya karɓi kuɗin, da mai unguwar da ya san komai ya yi shiru, da alƙalin da ya ɗage shari'a har yarinya ta gaji, da maƙwabtan da suka zo cin shinkafar biki, duk na matse su a kusurwa kamar maharban Mantegna. Mai karatu ya yi kuka ya share hawaye ya rufe littafi, babu abin da ya tsikare shi.

Akwai kuma rigar Schiele, wadda ta fi daɗin sawa. A watan Mayun 2007 an ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, shekarar da ta biyo baya kuma aka yi ta taƙaddama tsakanin marubuta da hukumar tace finafinai da ɗab'i. Ƙona littafi ba ya gyara tarbiyya, wannan ra'ayina ne har gobe. Amma a hirarrakinmu na marubuta mun fi son mu tuna kanmu a ɗaure a itace, ba ma son tuna cewa cikin abin da muka kai kasuwa akwai wanda mu kanmu ba za mu miƙa wa 'ya'yanmu ba. Ana iya cutar mutum alhali shi ma yana da abin gyarawa.

Ali ya biya kuɗin tsayuwarsa da shekara uku da rabi na ganiyar ƙarfinsa, shi ya sa aron ya zauna masa, har tela Musulmi a Dogon Daji ya liƙa hoton waliyyin Kirista a shagonsa bai sani ba. Onobrakpeya bai sa fuskarsa a jikin kowa ba, ya dai ɗinka wa makasa rigar da mutanen garinsa za su gane. Cikin ukun nan shi nake ganin ya fi yi wa marubuci amfani, ko da yake hanyarsa ta fi haɗari, don mai rigar yana iya zama maƙwabcinka, ko mai sayen littafinka, ko kai kanka ranar da ka tsaya gadin riguna.

Shagon kawu yanzu wani ne a ciki yana cajin waya, hoton kuma ban san inda ya shiga ba. Littafin da nake rubutawa yanzu na tsaya a babi na shida, domin na iso wurin da ya kamata in faɗi wanda ya sa hannu aka aurar da yarinyar, kuma mutumin kirki ne, mai sallah a sahun gaba, irin wanda nake gaisarwa kowace safiya. Ku taya ni da addu'a kada in matse shi a kusurwa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kare mu daga zalunci da taya azzalumi, Ya sa mu gama lafiya. Wassalam.